Zanen bugu mai haɗin kaya: yadda ake yinsa da abin da ke ɓata shi a Katsina

Mene ne zanen bugu?

Dabarar hatimi ce aka faɗaɗa. Mai zane zai sassaƙa allon katako, ko ya ƙarce na tagulla, ya shafa tawada, ya ɗora takarda mai ɗan danshi, ya matse a inji. In ka ga 3/20 da fensir a ƙasa, na uku ne cikin ashirin da aka buga. Ana ce masa mai haɗin kaya idan an ƙara wani abu: siririyar takarda da aka manna da sitacin alkama yayin bugawa, ƙyalle, yashi, ko fentin hannu.

Akwai ɗan Najeriya da ya yi fice?

Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya. A 1967 asid ya ɓata masa allo, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, bugun ya fito da tudu da kwari. Ya sa wa salon suna plastograf.

Me ya fi kashe irin wannan aiki a nan?

Hawa da saukar laimar iska, fiye ma da gara. Gidajen tarihi na son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Katsina hunturu na sauke ta ƙasa sosai, Agusta ya ɗaga ta sama. Takarda na miƙewa ta tsuke, gam da ƙyallen da ke kanta kuwa ba sa bin ta daidai. Sai kumbura, sai ɓamɓarewa daga gefe. Laima ta wuce 65 ta daɗe, fumfuna ya shiga. Ginin ƙasa mai kauri, irin tsohuwar Kwalejin Katsina da ke ɗauke da gidan tarihi, ya fi ɗakin kwano rage wannan tsalle-tsalle. A kunna na'urar sanyi da rana, wuta ta ɗauke da dare, gara ma ba a kunna ba.

To, yaya za a rataye shi?

In an sa shi a firam, kada gilashi ya taɓa fuskar zanen. A sa kwali marar asid ya raba su. Salatif haram ne, yana barin tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Haske kada ya wuce luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), nesa da taga. Bayan wata uku a sauke shi, a kwantar a aljihun tebur mai faɗi, kada a ɗora komai a kan mai tudu. A riƙa dubawa, don kyankyaso na son sitaci.