Ta yaya kuka sani? Tambayoyi da amsoshi kan yadda masana ke bin sawun cuta, al'umma da mutanen da

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba ka ji an ce "bincike ya nuna" ba. Bincike ya nuna abu kaza na kawo cuta, bincike ya nuna jama'a sun fi son wane, bincike ya nuna ƙashin nan ya shekara dubu biyar a ƙasa. Wasu sukan haɗiye maganar ba tauna, wasu kuma su yi fatali da ita su ce shaci-faɗi ne. Duka biyun suna damuna, domin akwai tambayar da ta fi su amfani: ta yaya kuka sani?

Tambaya: Me ya haɗa likita da masanin zamantakewa da mai tonon kayan tarihi?

Amsa: Dukkansu abin da suke nema ba ya tsayawa a gabansu su kalle shi. Likita bai ga lokacin da cuta ta shiga jiki ba, masanin zamantakewa ba zai iya zama da mutum miliyan ɗari ba, mai tarihi kuma waɗanda yake magana a kansu sun daɗe da zama ƙasa. Aikinsu irin na mai bin sawu ne. Sukan ce: in zatona gaskiya ne, me ya kamata in tarar? In kuwa kuskure ne, me zai tona shi? Tambaya ta biyun ce ke bambanta bincike da son zuciya.

Tambaya: Yaya ake gano sanadin cuta alhali ba a ma ga ƙwayarta ba?

Amsa: Da ƙidaya da kwatantawa. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan. Cikin kwana goma ta kashe sama da mutum 500, kafin ta lafa kuwa ta ci rai 616. Manyan likitocin zamanin sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska mai wari ce ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow shi ruwa yake zargi. Ya karɓo sunayen mamata daga ofishin rajista, ya bi gida-gida da tambaya ɗaya: ina kuke ɗiban ruwan sha? Amsar ta riƙa komawa kan famfon da ke titin Broad Street. Daga baya ya zana taswira, kowane mamaci da ɗan baƙin layi a ƙofar gidansu, sai ga layukan sun yi cincirindo a kewayen famfon.

Amma ba taswirar ce ta fi burge ni ba, domin mai zargin iska zai iya cewa ai warin ma a wurin ya fi yawa. Abin da ya kashe bakin musu shi ne wuraren da lissafi ya ƙi tafiya yadda ake zato. A tsakiyar unguwar akwai gidan da hukuma ke ajiye matalauta, mutum 535 a ciki, amma 5 kaɗai suka rasu. Da Snow ya bincika sai ya tarar suna da rijiyarsu. Ma'aikatan wani kamfanin giya a kan titin, su kusan 70, ba wanda ya mutu, su ma ba sa shan ruwan famfon. Sai kuma wata tsohuwa a Hampstead, nesa da Soho, inda ba annoba. Ta taɓa zama a Broad Street, ta saba da ɗanɗanon ruwan, saboda haka kullum ake kai mata shi a kwalba. Ta sha, ta rasu. Wata 'yar uwarta da ta kawo mata ziyara ta sha, ita ma ta rasu. Ba su shaƙi iskar Soho ba, ruwanta suka sha.

Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Snow da kansa ya yarda cewa cutar ta riga ta fara ja da baya, domin mutane sun gudu daga unguwar, kuma wannan gaskiyar tasa tana ƙara masa daraja a idona. Wani limamin coci, Henry Whitehead, wanda ya shiga binciken da niyyar ƙaryata shi, shi ne ya gano cewa an zubar da ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa a masai da ke dab da rijiyar famfon. Snow ya rasu a 1858 ba a gama yarda da shi ba. Sai a 1884 aikin Robert Koch ya sa duniya ta amince da ƙwayar kwalara.

Tambaya: Ai don abu biyu sun zo tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya jawo ɗaya ba?

Amsa: Haka ne, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Masu yawo da ashana a aljihu sun fi kamuwa da sankarar huhu, amma ba ashanar ce ke kawo ta ba. A ƙarshen shekarun 1940 sankarar huhu ta yawaita a Birtaniya, Richard Doll da Austin Bradford Hill suka shiga asibitoci suna tambayar majinyata yadda suka yi rayuwarsu. Doll kwalta da hayaƙin mota ya fara zargi. Sakamakon da suka fitar a 1950 ya nuna taba ce, Doll kansa kuma ya daina sha tun ana cikin aikin. Masu musu suka ce majinyaci kan ƙara gishiri in yana tuna baya. Sai Doll da Hill suka juya hanyar: a 1951 suka rubuta wa likitocin ƙasar, kusan 40,000 suka amsa, aka rubuta wa ke sha wa ba ya sha tun suna da lafiyarsu, aka yi ta bin su har shekara 50. Wanda ya fi sha ya fi shiga haɗari, wanda ya daina haɗarinsa ya ragu, wanda ya ɗore kuwa ya yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwa. Hujja ta ƙarfafa ne saboda an zo mata ta ƙofofi dabam-dabam, kowace ta kai wuri guda.

Tambaya: Na sha magani na warke. Wace hujja ta fi wannan?

Amsa: Ba a ƙaryata ka, ka warke. Abin da ba ka sani ba shi ne da ba ka sha ba me zai faru, domin cututtuka da yawa kan tafi da kansu. Shi ya sa ake raba majinyata gida biyu, a bai wa rukuni ɗaya maganin, ɗayan a yi masa kulawar da aka saba, kuma ƙuri'a ce ke raba su, ba likita ba. In aka bar wa likita zaɓi, ko bai yi niyya ba zai iya karkata ga masu sauran ƙarfi, maganin ya samu yabon da ba nasa ba. Gwajin maganin tarin fuka mai suna streptomycin da aka wallafa a Birtaniya a 1948 ya zama abin koyi: majinyata 107, rabon kowa a cikin ambulan da aka liƙe, masu duba hoton ƙirji kuma ba su san wa ya samu maganin ba. Bayan wata shida, mutum 4 suka rasu cikin 55 da aka yi wa allurar, 14 kuma cikin 52 da aka bar su a kan hutun gado kawai.

Tambaya: Ta yaya tambayar mutum dubu za ta nuna ra'ayin miliyoyi?

Amsa: Kamar yadda ɗan jinin da aka ɗiba a sirinji ke ba da labarin jinin jiki duka, saboda a gauraye yake. Jama'a kuwa ba a gauraye suke ba, don haka wahalar tana wurin zaɓen waɗanda za a tambaya. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta bayyana cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Ranar zaɓe Roosevelt ya lashe jiha 46 cikin 48. Mujallar ta samo yawancin sunayen ne daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan masu haushin gwamnati sun fi zafin mayar da amsa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a da ya tambayi mutane ƙalilan in an kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai. Ga kuma wata matsalar da ƙwayar cuta ba ta da ita: mutum yana jin kunya, yana tsoro, yakan faɗi abin da yake ganin mai tambaya na son ji.

Tambaya: Wa ya gaya musu shekarun ƙashi ko gawayi?

Amsa: Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon-14. Da zarar ya mutu sai ɗaukar ta tsaya, wanda ke jiki ya fara raguwa, rabinsa kan tafi duk shekara 5,730. A auna abin da ya rage, a lissafa tun yaushe. Willard Libby ne ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940, ya samu kyautar Nobel a 1960. Ana gyara lissafin da zoben cikin kututturen itatuwa, waɗanda ake ƙirga su shekara-shekara. A 1991 wasu masu hawan dutse suka tsinci gawa cikin ƙanƙara a iyakar Italiya da Ostiriya, aka ɗauka wani ɗan yawon buɗe ido ne da ya ɓata. Awon ya nuna ya kai shekara 5,300 da mutuwa, hoton ƙashi kuma daga baya ya nuna tsinin kibiya a kafaɗarsa. Hanyar tana da iyaka: ba ta wuce kimanin shekara 50,000, kuma ba ta auna dutse. Ƙasusuwan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da ake kira Lucy, waɗanda aka samu a Habasha a 1974, masu shekara miliyan 3.2, ta tokar aman wutar dutse da ke wurin aka san shekarunsu.

Tambaya: To abin da aka rubuta a littafi fa, ba ya isa?

Amsa: Marubuci ma mutum ne, yana da ubangida, yana da abokin gaba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke bin isnadi: wa ya ji daga wa, kuma yaya amanarsa da haddarsa? Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ƙara da cewa a auna labarin kansa da yadda rayuwar al'umma ke gudana. In an ce rundunar wani sarki ta kai adadi kaza, a tambaya ko ƙasarsa za ta iya ciyar da su.

Tambaya: Masana ba sa kuskure? Ba sa ma cutar da mutane?

Amsa: Suna yi, duka biyun. Shekaru da dama ana koyar da cewa damuwa da yawan sinadarin ciki ne ke kawo gyambon ciki. Da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka ce ƙwayar cuta ce, ba a saurare su ba, har Marshall ya kurɓe ƙwayar da kansa a 1984 ya kwanta ciwo. A 2005 aka ba su Nobel. Ƙoƙon kan Piltdown da aka nuna a Ingila a 1912 a matsayin kakan ɗan Adam, sai a 1953 aka tabbatar haɗe-haɗe ne, kan mutum da muƙamuƙin biri. Wasu masanan ne dai suka tona asirinsa.

Wanda ba na iya karantawa ba tare da raina ya ɓaci ba shi ne binciken da aka yi a garin Tuskegee na Amurka. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiyar ƙasar ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 600, kusan 400 daga cikinsu masu ciwon tunjere, ba a gaya musu abin da ke damunsu ba, aka kuma hana su penisilin bayan an san yana warkarwa. Dokokin neman amincewar mutum kafin a yi bincike a kansa, irin su ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, suna nan a rubuce alhali ana wannan ta'asa. Duk al'ummar da ke ɗari-ɗari da masu bincike saboda irin wannan tarihi, tana da hujjarta, kuma masu binciken ne ya kamata su nemi amanarta.

Tambaya: Akwai inda waɗannan fannoni suka haɗu a kan tambaya ɗaya?

Amsa: Akwai, a kan annobar ɗa'un wadda Turawa ke kira Baƙar Mutuwa. Tsakanin 1347 da 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ta ratsa Masar da Sham da arewacin Afirka. Ibn Khaldun yana matashi a Tunis ta ɗauke masa uwa da uba. A Ingila ma'aikatan gona suka yi ƙaranci har lada ya tashi, masarauta ta kafa doka a 1351 don danne shi, kuma daga irin waɗannan takardu masu tarihi ke lissafa ɓarnar. Amma wace cuta ce takamaimai, kuma daga ina ta taso? An daɗe ana jayayya. A 2011 aka ciro DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, daga haƙoran mutanen da aka binne a wata maƙabartar annoba a Landan, aka karanta ta, ta tabbata Yersinia pestis ce, ƙwayar da Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894, wadda ƙuma ke ɗauka daga ɓeraye. Haƙori ya dace da wannan aiki ne saboda jini na shiga cikinsa, ƙarfinsa kuma ya rufe abin da ya shiga tamkar akwati.

Sai batun asali. Kusa da tafkin Issyk-Kul a ƙasar Kirgistan akwai wasu maƙabartu biyu da aka tona a ƙarshen ƙarni na 19. Duwatsun kabarin suna ɗauke da rubutun Siriyanci da shekarar mutuwa. Wani masanin tarihi, Philip Slavin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ga mace-mace sun yi tashin gwauron zabo a 1338 da 1339, wasu duwatsun ma an rubuta cewa annoba ce ajalin mai kabarin. Masana ƙwayoyin halitta suka ɗauki haƙoran mutum 7, suka samu ƙwayar a cikin 3. Da aka jera ta a bishiyar dangantakar ƙwayar, sai ta faɗa daidai gindin da rassan Baƙar Mutuwa suka tsiro. An wallafa wannan a 2022, shekara 684 bayan wani ya zauna da guduma da kurfi ya sassaƙa kalmar annoba a kan dutsen ɗan uwansa.