Hukuncin Taɓa Bayanan Gwamnati da Kayan Shaida a Legas

Taɓa bayanan gwamnati laifi ne da ya ƙunshi gogewa, sauyawa, ɓoyewa ko ƙirƙirar takardar hukuma, rajista ko kayan shaida da gangan. A Legas, Dokar Laifuka ta jihar ta 2011 ce ke aiki, tare da wasu dokokin tarayya.

Tarihi

Tushen dokar shi ne kundin laifuka na Queensland ta Ostareliya na 1899. Turawan mulki sun fara amfani da shi a Arewa wajen 1904, suka faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya a 1916. Arewa ta koma kundin Final Kod a 1960, Kudu kuwa ta ci gaba da tsohon; ita Legas daga baya ta maye gurbinsa da dokarta ta 2011. Shi ya sa Bahaushen Agege ko Idi-Araba ba dokar Kano ce ke kansa ba.

Hukunci

Tsohon kundin ya tanadi ɗaurin shekara 3 ga mai jabun takarda (sashe na 467), kuma yana ƙaruwa idan hatimin gwamnati ne ko rajista. Wanda ya miƙa takardar alhali ya san ta bogi ce, hukuncinsu ɗaya da maƙerinta. A tsohon kundin dai, lalata shaida shekara 3 ne, ƙirƙirarta 7, rantsuwar ƙarya 14. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, sashe na 10, ta yanke aƙalla shekara 1 ga jami'in da ya lalata ko ya sauya bayanan da ke hannunsa. Jabu ta kwamfuta na ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta 2015.

Kayan shaida

Samfurin jini ko harsashi ana sa shi a jaka, a liƙe, a rubuta lamba, rana da sunan wanda ya ɗauka. Duk hannun da ya bi sai an sa hannu a rajista. Ɓarnar takan ɓullo a nan: liƙi ya yage, lambar jaka ta saɓa da ta rahoto, ko kwana biyu ba a rubuta inda kayan suka kwana ba. Giɓi ɗaya na iya ba lauya damar ƙalubalantar shaidar. Sai dai sakaci ba laifi ba ne. Dole mai gabatar da ƙara ya tabbatar da niyya.

An buɗe cibiyar gwajin DNA ta jihar a 2017. Aka lalata ta a tarzomar Oktoban 2020, lokacin da Babbar Kotun Igbosere ta ƙone da fayilolinta.