Yarjejeniyar JETP ta Afirka ta Kudu

JETP (Just Energy Transition Partnership, wato haɗin gwiwar sauya hanyar samar da makamashi cikin adalci) tsari ne da ƙasashe masu arziki ke haɗa kuɗi a ƙarƙashinsa domin taimaka wa wata ƙasa mai tasowa ta rage dogaro da kwal wajen samar da wutar lantarki, ba tare da an bar ma'aikatan kwal da garuruwansu a lalace ba. Afirka ta Kudu ce aka fara da ita, a taron sauyin yanayi na Glasgow cikin Nuwamba 2021, inda Faransa, Jamus, Birtaniya, Amurka da Tarayyar Turai suka yi alkawarin dala biliyan 8.5. Daga baya Indonesiya ta samu alkawarin dala biliyan 20, Biyetnam biliyan 15.5, Senegal kuma yuro biliyan 2.5 a 2023.

Dalilin zaɓen Afirka ta Kudu a fili yake: kusan kashi 80 cikin ɗari na wutarta daga kwal take, kuma galibin tashoshin Eskom, kamfanin wutar lantarki na gwamnatin ƙasar, suna lardin Mpumalanga.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin kuɗin. A cikin dala biliyan 8.5 ɗin, abin da aka ware a matsayin kyauta bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba. Sauran rance ne, wani mai sauƙin ruwa, wani a farashin kasuwa, sai kuma lamuni. Ga shi tsarin da gwamnati ta fitar a 2022 ya nuna ana bukatar kimanin dala biliyan 98 daga 2023 zuwa 2027. Rance yana iya gina gonar hasken rana, tunda za ta sayar da wuta ta biya bashinta, amma koya wa mai haƙar kwal sabuwar sana'a ba ya mayar da ko sisi, don haka sai da kuɗin kyauta.

Tashar Komati, wadda ke samar da wuta da kwal, ta nuna wannan a aikace. An kashe injinta na ƙarshe a Oktoba 2022, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 don a kafa megawat 150 na hasken rana, 70 na iska da 150 na batura a wurin. Sai dai an rufe tashar kafin sabon aikin ya kankama, masu ƙwadago da 'yan tireda na garin suka rasa abin yi.

Akwai kuma matsalar layukan dakon wuta. Rana ta fi ƙarfi a lardin Arewacin Kef, amma layukan can sun cika, ba sa iya ɗaukar sabuwar wuta. Ana bukatar kusan kilomita 14,000 na sababbi cikin shekara goma. Ƙarancin wutar da ya yi ƙamari a 2023 ya sa aka ɗage rufe tashoshin Camden, Grootvlei da Hendrina zuwa 2030. A Maris 2025 Amurka ta janye daga yarjejeniyar, sauran ƙasashen suka ce suna nan daram.