Mene ne "Tasirin Matilda"?

Duk shekara idan 11 ga Fabrairu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa mata da 'yan mata a fagen kimiyya, akwai lafazin da ke yawan fitowa a rubuce-rubuce: Tasirin Matilda, wanda a Turance ake kira Matilda Effect. Abin da ake nufi da shi shi ne mace ta yi aikin bincike, aikin ya karɓu, duniya ta ci moriyarsa, amma yabon ya zarce wurin namijin da ke kusa da ita, ko shugabanta a wurin aiki, ko abokin aikinta, ko mijinta. Aikin yana nan daram a littattafai, sunan mai aikin ne ya faɗi a hanya.

Wadda ta raɗa wannan suna ita ce Margaret Rossiter, masaniyar tarihin kimiyya wadda a lokacin take Jami'ar Cornell da ke Amurka, cikin wata maƙala da ta fitar a 1993. Kafin lokacin ta shafe shekaru tana tono a ma'ajiyar takardun jami'o'i, tana zaƙulo matan da suka yi aikin kimiyya a Amurka alhali ana ɗauka babu su. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Da misalan suka taru mata, sai ta ga abin ya wuce tsautsayin mutum ɗaya ko biyu, ya zama ɗabi'ar da ke maimaita kanta, don haka ya cancanci suna.

Sunan kuwa martani ne ga wani da ya riga shi. A 1968 masanin halayyar zamantakewa Robert Merton ya yi bayanin abin da ya kira Tasirin Matiyu, inda ya aro ma'anar wata aya daga Bisharar Matiyu mai cewa wanda yake da abu akan ƙara masa, wanda ba shi da shi kuwa ɗan abin da ke hannunsa ma akan karɓe. Merton ya lura cewa idan fitaccen masani da wanda ba a sani ba suka yi aiki tare, fitaccen ake tunawa. Rossiter ta ce an tsaya a rabin farko na ayar, an bar rabi na biyu, wato waɗanda ake karɓe wa, kuma mata sun yi yawa a cikinsu. Sai ta ɗauko sunan Matilda Joslyn Gage, 'yar gwagwarmayar neman wa mata 'yancin zaɓe da yaƙi da bauta, wadda ta rayu daga 1826 zuwa 1898. Tun a 1870 Gage ta rubuta ƙasida tana ƙaryata masu cewa mace ba ta da basirar ƙirƙira. Ita kanta daga baya an ture ta gefe a tarihin gwagwarmayar da ta taimaka wajen rubutawa, bayan ta saɓa da abokan tafiyarta a 1890.

A cikin duk misalan da ake kawowa, babu wanda ke tsaya mini a rai kamar na Alice Ball. An haife ta a Seattle a 1892, kuma a 1915 ta zama mace ta farko, kuma baƙar fata ta farko, da ta sami digiri na biyu a Kwalejin Hawayi. A wancan zamani wanda ya kamu da kuturta a tsibiran Hawayi, raba shi ake yi da danginsa a kai shi Kalaupapa, a tsibirin Molokai, kuma mafi yawansu can suke ƙare rayuwa. Maganin da ake da shi man wata bishiya ne da ake kira chaulmoogra. In an sha shi sai ya sa amai, in an yi allurarsa sai ya dunƙule a ƙarƙashin fata saboda kauri, ya tayar da ƙuraje. Wani likita a asibitin Kalihi da ke Honolulu, Harry Hollmann, ya nemi taimakonta. Tana da shekara 23 ta gano hanyar ware sinadaran da ke aiki a cikin man, ta sauya su zuwa yanayin da za a yi allurarsu jiki ya tsotse.

Ta rasu ranar 31 ga Disamba 1916, tana da shekara 24, ba ta kai ga wallafa sakamakon ba. Shugaban kwalejin, Arthur Dean, wanda shi ma masanin sinadarai ne, ya ci gaba da aikin, ya wallafa ba tare da ya ba ta haƙƙinta ba, har hanyar ta shahara da sunansa. Hollmann bai yi shiru ba: a 1922 ya rubuta a mujallar likitoci cewa hanyar ta Ball ce. Amma muryar mutum ɗaya ba ta rinjayi sunan da ya riga ya kama bakin mutane ba. An yi ta amfani da allurar har zuwa shekarun 1940 da sababbin magunguna suka maye gurbinta, an sallami marasa lafiya sun koma cikin iyalansu, ba su san sunan yarinyar da ta yi sanadi ba. Sai a shekara ta 2000 Jami'ar Hawayi ta kafa allon tunawa da ita a gindin bishiyar chaulmoogra da ke harabarta, shekara 84 bayan rasuwarta.

Labarin Ball yana da wanda za a nuna wa yatsa. Yawancin sauran ba su da shi, kuma a nan ne lafazin ya fi amfani, domin yana nuna gaɓoɓin da suna ke zamewa ko da babu wanda ya ɗaura niyyar sata. Gaɓa ta farko ƙofar shiga ce. Ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan an kafa ta a 1660, amma ba ta zaɓi mace a matsayin mamba ba sai 1945. Jami'ar Kambirij ba ta fara bai wa mata cikakken digiri ba sai 1948. Wadda ba mamba ba, ba ta da muƙami, sau da yawa ba ta da damar tsayawa ta gabatar da aikinta da bakinta. A 1856 Eunice Foote ta cika tulunan gilashi da iska iri-iri ta ajiye a rana, ta ga wanda ke ɗauke da iskar kabon ya fi zafi kuma ya fi jinkirin hucewa, ta rubuta cewa yawaitar wannan iska a sararin sama zai ƙara wa duniya zafi. Namiji ne, Joseph Henry, ya karanta takardarta a taron masana a birnin Albany. Shekara uku bayan haka John Tyndall ya yi nasa binciken mai zurfi a Landan, sunansa ya zauna, nata ya ɓace sama da shekara 150.

Aure ma gaɓa ce. Idan mata da miji suna aiki a ɗakin gwaji guda, abin da mutane ke ɗauka shi ne mijin ke tunani, matar na taya shi. Ko Marie Curie da kyar ta tsira: takardar da aka fara aikewa don lambar Nobel ta 1903 ba ta ambace ta ba, sai da wani masanin lissafi ɗan Suwidin ya tsegunta wa mijinta Pierre, shi kuma ya tsaya kai da fata a sa sunanta. Tsawon zamani kansa yana cin suna. Rubuce-rubucen lafiyar mata da ke da alaƙa da Trota, mai magani a garin Salerno na Italiya a ƙarni na 12, wani mai buga littattafai a ƙarni na 16 ya jingina su ga namiji.

Na Lise Meitner ya haɗa da siyasa. Ta yi kusan shekara 30 tana aiki da Otto Hahn a Balin, har ta gudu daga Jamus a Yulin 1938 saboda asalinta na Yahudawa. A Disambar shekarar Hahn da Fritz Strassmann suka sami sakamakon da ya ɗaure musu kai, Hahn ya rubuta mata wasiƙa zuwa Suwidin. Ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch ne suka warware cewa cibiyar ƙwayar zarra ta yuraniyom ce ta tsage biyu, suka kuma lissafa makamashin da ke fita. Lambar Nobel ta 1944 a fannin sinadarai Hahn kaɗai aka bai wa. A 1997 aka sa wa sinadari mai lamba 109 sunanta.

Sai dai ina ganin ana yi wa lafazin riƙon sakainar kashi idan aka liƙa shi ga duk macen da ba ta sami Nobel ba. Rosalind Franklin ta rasu a 1958, shekara huɗu kafin a ba da lambar Nobel ta gano siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta a jiki, kuma ba a gabatar da sunan mamaci. Inda aka zalunce ta tun farko ne, lokacin da aka nuna wa James Watson, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi lambar daga baya, hoton da aka ɗauka a ɗakin gwajinta ba da saninta ba, sannan ba a fito fili an faɗi yadda bayananta suka taimaka ba. Jocelyn Bell Burnell, wadda ta gano wani sabon nau'in taurari masu aiko da sigina a kai a kai a 1967 tana ɗaliba, malaminta ne ya karɓi lambar Nobel ta 1974, kuma ita da kanta ta taɓa danganta hakan da matsayinta na ɗaliba. A 2018 da aka ba ta wata kyautar dala miliyan 3, ta sadaukar da ita duka don tallafa wa ɗaliban da ba kasafai ake ganin irinsu a fannin ba.

Maza ƙanana ma ana danne su, wannan gaskiya ne. Maganin streptomycin, wanda shi ne na farko da ya yi wa tarin fuka tasiri sosai, ɗalibi Albert Schatz ne ya zaƙulo shi a 1943, amma shugabansa Selman Waksman kaɗai ya karɓi Nobel a 1952. Schatz ya kai ƙara kotu a 1950, aka amince da shi a matsayin abokin ganowa, aka ba shi kaso a kuɗin. Maƙalar farko ta 1944 kuwa sunaye uku ne a kanta, na tsakiya Elizabeth Bugie. Da aka zo rajistar mallakar maganin, sunanta bai shiga ba, kuma har yau ko masu ba da labarin zaluncin da aka yi wa Schatz sukan tsallake ta.

Shi kansa Merton bai kuɓuta ba. Maƙalarsa ta 1968 ta dogara sosai kan hirarrakin da wata matashiyar mai bincike, Harriet Zuckerman, ta yi da masanan Amurka da suka ci lambar Nobel. Sunansa kaɗai ya fito a kanta. Shekaru bayan haka ya rubuta da hannunsa cewa kamata ya yi a ce sunayensu biyu ne a kan maƙalar.