Ranar masoya da ƙananan yara a gida: tambayoyin da iyaye ke yi

Da watan Fabrairu ya kama, hunturu ya fara sassautawa, sai ja ya cika shagunan titin Ahmadu Bello da na Barnawa a Kaduna: balan-balan, katuna, furannin roba. Yaranmu suna gani. Wata shekara 'yata, tana da shekara shida, ta dawo daga makaranta tun kafin ta ajiye jaka ta ce, "Umma, Anti ta ce gobe kowa ya sa jan kaya." Ban shirya amsa ba a ranar. Tun daga nan nake tattara tambayoyin da muke yi wa juna mu iyaye, a gidan suna da bakin makaranta.

Wace rana ce wannan, kuma daga ina ta fito?

Ranar 14 ga Fabrairu ce, kuma sunanta na wani waliyyin Kirista ne, Balantain, wanda aka kashe a ƙasar Rum a ƙarni na 3 saboda addininsa. A ƙarshen ƙarni na 5 Fafaroma Gelasiyus ya sanya ranar tunawa da shi. Da farko babu ruwan ranar da saurayi da budurwa. Sai a ƙarni na 14 mawaƙan Ingila suka fara haɗa ta da soyayya, daga baya 'yan kasuwa suka shigo da kati da fure da cakulan. A 1969 Cocin Katolika ta cire ta daga babban jadawalin bukukuwanta, kodayake ba ta soke waliyyin ba.

Kowace ƙasa da yadda ta juya ta. A Finlan ranar abokai ake kiranta. A Ghana ranar cakulan ce ta ƙasa, domin tallata kokon da suke nomawa.

Ya halatta Musulmi ya yi bikinta?

Mafi yawan malamanmu sun ce a'a. Hujjarsu biyu ce: asalin ranar na wani addini ne, sannan ga hadisin Anas, cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da kwana biyu na wasa, ya ce Allah Ya musanya musu da mafi alheri, wato ƙaramar Sallah da babba. Ga kuma abin da kowa ya sani yana faruwa a daren tsakanin samari da 'yan mata. A gidana ba ma yin ta, kuma na gamsu da hakan.

Amma Kaduna gari ne na kowa. Maƙwabciyata Kirista tana dafa wa 'ya'yanta shinkafa da kaza a ranar, su yi addu'a tare, shi ke nan. Wasu Kiristocin ma ba sa yi sam. Ban yarda in koya wa ɗana zagin wanda ya yi ba, domin gobe aji ɗaya za su zauna.

Yaro ya tambaye ni, ko makaranta ta ce a sa jan kaya. Me zan ce?

Ki faɗa masa gaskiya daidai kansa. "Rana ce da wasu ke ba wa waɗanda suke so kyauta. Mu a gidan nan muna da ranakunmu." Ya wadatar ga ɗan shekara biyar. Idan kika daka masa tsawa, abin da zai koya shi ne akwai tambayar da ba a kawo wa Umma, kuma zai nemi amsar a wajen wani.

Maganar kaya kuwa tsakaninki ne da malamar, ba a gaban yaron ba. Ki je ki same ta cikin mutunci ki ce yaronki zai zo da yunifom. Ni haka na yi, kuma ba ta musa ba.

Mu Hausawa ba a san mu da faɗin "ina son ka" ga yaro ba. Dole ne?

Nan ne maganar ta fi nauyi a wurina. An raine mu cikin kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ko goggo ce ke riƙonsa. Uba ya shigo, falo ya yi tsit. Ba rashin so ba ne. Wadda ba ta taɓa kiran sunanka ba ita ce ke ɓoye maka ƙanzon shinkafa, ita ce ke kwana a zaune idan zazzaɓi ya kama ka. Babba yana gane wannan. Ɗan shekara huɗu bai gane ba tukuna, abin da ya ji da kunnensa da wanda ya ji a jikinsa shi ya sani.

Addini ma bai tsaya wa wannan ɗaurewar ba. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya kuma yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yarinyar da ta kai shekara goma sha huɗu ba ta taɓa jin kalma mai daɗi daga bakin mahaifinta ba. Mutum na farko da ya faɗa mata a waya zai same ta da ƙishi. Idan "ina son ki" ta yi wa Baba nauyi, ga "Allah Ya yi miki albarka", ga dafa kai, ga "yau kin faranta mini rai". Harshenmu bai rasa kalmomin ba.

To idan muna so mu ware wa yaran lokaci, me za mu yi?

Wanda addininsa ya yarje masa ya yi a ranar 14. Wanda bai yi ba ya ɗauki yammacin Juma'a, ko kwana na biyu na Sallah. Abin da za a yi ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar fita wurin shaƙatawa na Gamji ko gidan cin abinci.

Ki shigo da su kicin. Ɗan shekara uku zai iya murza kwaɓin cincin, 'yar shekara shida za ta iya mulmula gullisuwa ko zuba kantu a faranti. Gari zai zube, tsakar gida za ta ɓaci, ki bar su. A haɗa zoɓo, a shimfiɗa tabarma, a ci a faranti ɗaya har da Baba. Bayan nan kowa ya faɗi abu ɗaya da yake so game da na kusa da shi. Ranar da muka fara, autana ya ce yana son Yayansa ne domin yana ɗaure masa takalmi. Yayan bai ce komai ba, amma har yau shi ke ɗaurawa.

Da dare a ajiye wayoyi a ɗaki, a ce "ga ta nan, ga ta nanku". Idan an ɗauke wuta ma ya fi daɗi. Kaka in tana Zariya ko Kafanchan, a kira ta kowane jika ya gaishe ta, ta tsokani "mijinta" da "kishiyarta".

Sai na sayi kyauta?

A'a. Takarda da fensir mai launi sun isa yaro ya zana wa Inna kati. Idan za a saya, a saya wa kowa. Da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ba shi kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ce masa ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. A gidan da ke da ɗaki biyu ko uku, ko ɗan riƙo, wannan ya fi muhimmanci, domin yara suna ƙirga komai.

Akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Guntun balan-balan da ya fashe yana shaƙe ƙaramin yaro, haka gyaɗa guda-guda da alawa mai tauri, don haka a tsince su nan take. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Kyandir kuma ba ya zama kusa da labule ko gidan sauro.

Na ƙarshe ya fi su duka. Ki koya wa yaro cewa duk babban da ya ba shi kyauta, ko ɗan uwa ne, ko malami, ko mai shagon layi, ya kawo miki ki gani. Wanda ya ce masa "kada ka faɗa wa Umma", maganarsa ce yaron zai fara kawo miki. Idan ya zo ya faɗa, ki saurare shi har ya gama, ki gode masa, sannan ki sa hijabinki ki je ki ga mutumin.