Admiral Nimitz da yaƙin Tekun Fasifik: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Chester Nimitz?

Hafsan sojan ruwan Amurka ne, haifaffen jihar Texas a 1885. A 1908 jirgin da yake jagoranta, Decatur, ya kafe a taɓo a Filifin, kotun soja ta same shi da sakaci ta ja masa kunne. Daga nan aka mayar da shi jiragen ƙarƙashin ruwa, ya ƙware a injin dizal.

Yaushe ya karɓi ragamar rundunar Fasifik?

Ranar 31 ga Disamba 1941, bayan harin Japan a Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawai, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya gaji Admiral Kimmel da aka tuɓe, amma bai kori hafsoshinsa ba, har da Edwin Layton na sashen leƙen asiri. Wannan shawara ce ta fi kowace amfanarsa.

Ta yaya?

Masu warware saƙonnin asiri ƙarƙashin Joseph Rochefort sun gano Japan na shirin afka wa wani wuri mai lakabin "AF". Don a tabbatar, aka sa tsibirin Midway ya aika saƙon bogi a fili cewa na'urarsa ta tace ruwa ta lalace. Ba a daɗe ba aka kama saƙon Japan cewa AF na ƙarancin ruwan sha, aka tabbatar Midway ne. Nimitz ya amince da su, ya sa aka gyara Yorktown, jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, cikin kwana uku, alhali an ƙiyasta wata uku, ya girke jirage uku masu ɗaukar jiragen sama. A yaƙin Midway na Yunin 1942 Japan ta rasa irinsu huɗu, Amurka ta rasa Yorktown. Shi kuwa yana hedikwatarsa a Hawai, domin aikinsa rarraba jirage da mai da kwamandoji ne.

Wace matsala ce ta fi ci masa tuwo a ƙwarya?

Makamin topido samfurin Mark 14, wanda ake harba wa jiragen ruwa ta ƙarƙashin ruwa. Yakan nitse kusan ƙafa 10 fiye da saitinsa ya wuce ƙarƙashin jirgi, kunamar maganaɗisunsa kuma takan tashi kafin ya isa. A Yunin 1943 Nimitz ya ba da umarnin kashe wannan kunama. Sai aka gano allurar tayar da shi tana lanƙwashewa idan ya daki jirgi kai tsaye, aka musanya ta da mara nauyi.