Haɗaɗɗen Digiri: Fara Digiri na Biyu Tun Ana Cikin na Farko

Haɗaɗɗen digiri tsari ne da jami'a ke bai wa ɗalibi mai ƙwazo damar fara ɗaukar kwasa-kwasan digiri na biyu, wato mastas ko digirgir, tun bai kammala digirinsa na farko ba. Manufar ita ce ya gama matakan biyu cikin lokacin da bai kai na wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Inda tsarin ya kafu, shekara guda aka fi ragewa: karatun da zai ci shekara shida sai ya tsaya a biyar. Ya fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya da Indiya. A Najeriya ba hanya ce da aka saba bi ba, kuma a Kaduna da Zariya an fi jin labarinsa daga bakin waɗanda suka dawo daga karatun waje, ko ɗaliban ajin ƙarshe masu farautar tallafin fita.

Yadda ake gudanar da shi a waje

A Amurka an fi saninsa da 4+1, wato shekara huɗu ta digiri na farko da ɗaya ta mastas. Digiri na farko a can yakan ɗauki kiredit, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, kusan 120 cikin shekara huɗu, na biyu kuma tsakanin 30 da 36. Ɗalibi yakan nemi shiga tsarin yana aji uku, da sharaɗin matsakaicin makinsa ya kai wani mizani, galibi daga 3.0 zuwa 3.5 cikin 4, tare da takardun shaida daga malaman da suka san aikinsa. In an karɓe shi, a shekararsa ta ƙarshe zai zauna aji ɗaya da 'yan mastas a kwas uku ko huɗu. Sirrin tsarin duka yana nan: waɗannan kwasa-kwasan, kiredit 9 zuwa 12 a jami'o'i da dama, sau biyu ake lissafa masa su, a cike masa digiri na farko da su, a kuma rage masa nauyin na biyu. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu. Jami'ar Stanford tana da nata shirin fara mastas tun ana digiri na farko, wanda ɗalibanta ke kira coterm, ita ma jami'ar MIT tana da digirin MEng, wato mastas na injiniya, na shekara ta biyar ga ɗalibanta na injiniyan lantarki da kimiyyar kwamfuta.

Na Birtaniya daban yake. Can ɗalibi yana iya shiga MEng na injiniya ko MPhys na fiziks ko MChem na kemistiri ko MMath na lissafi tun daga ranar farko, ya yi shekara huɗu a Ingila ko biyar a Sikotland, ya fita da shaida guda ɗaya tak mai matsayin digiri na biyu. Wanda makinsa ya gaza a tsakiyar tafiya sai a mayar da shi layin digiri na farko ya ƙarasa a nan. Abin lura shi ne, a Ingila wannan ba ya rage lokaci, domin digiri na farko shekara uku ne, mastas kuma shekara ɗaya, jimilla huɗu ko ta wace hanya aka bi. Ribarsa ita ce babu sake neman gurbi, kuma MEng da aka tantance yana cika sharaɗin karatu na zama cikakken injiniya mai rajista. Kada kuma a rikita wannan da MA da tsofaffin jami'o'in Sikotland irin su Edinbura da Gilasgo ke bayarwa a fannin adabi da zamantakewa: sunan na mastas ne, amma matsayinsa digiri na farko.

Sauran ƙasashen Turai sun karkata ga raba matakan ne tun bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, wadda ƙasashe 29 suka sa wa hannu, ko da yake fannoni irin su likitanci sun riƙe dogon karatunsu na bai ɗaya. A Indiya, cibiyoyin fasaha na IIT sun daɗe suna da shirin shekara biyar mai haɗa B.Tech da M.Tech, wato digiri na farko da na biyu a fannin fasaha, kuma manufar ilimi ta ƙasar ta 2020 ta amince da haɗaɗɗen digiri na shekara biyar.

Abin da ya tare hanyar a Najeriya

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin makarantar gaba da digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ko Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ko sashen gaba da digiri na Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta NDA da ke karɓar fararen hula, ya san takardun da ake jerawa: kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, shaidar digiri na farko mai daraja ta biyu ko sama da haka, cikakken sakamakon karatu daga jami'ar da aka baro, sai takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa. Wannan ta ƙarshen ita ce katangar. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa NYSC a 1973, bayan yaƙin basasa, kuma doka ta wajabta shekara guda ta hidima a kan wanda ya gama digiri ko babbar difloma bai haura shekara 30 ba. Tun da ba a zuwa hidima sai an gama digiri, ba a kuma shiga mastas sai da takardar hidima, ɗalibin aji huɗu ba shi da ƙofar da zai bi ya zama ɗan mastas, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Shekarar hidimar ma ba ita kaɗai ke tafiya ba. Ɗalibi ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe a Samaru, abokai sun cika masa farar riga da sa hannu, ya ɗaure katifarsa a saman mota ya koma gida Tudun Wada ko Rigasa. Daga nan sai jira: sashe ya tattara sakamako, tsangaya ta duba, majalisar jami'a ta amince, a tura sunaye, a jira rukunin da NYSC za ta kira. Bayan ya dawo daga hidima, sai ya jira a buɗe sayar da fom, ya je shagon intanet a ɗauki hoton takardunsa ɗaya bayan ɗaya a loda, sannan ya jira jerin sunayen waɗanda aka ɗauka. Tsakanin ajiye biro a jarrabawar ƙarshe da zama a ajin mastas na farko, ba abin mamaki ba ne a share shekara biyu. Ga kuma yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i: na 2020 ya kai kusan wata tara, na 2022 wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin jami'ar tarayya da waɗannan biyun suka riska ya yi asarar abin da ya fi shekarar da tsarin 4+1 ke cetowa.

Asarar lokacin ba daidai take faɗa wa kowa ba. Namiji da iyaye ke jira ya fara kawo cefane, da zarar ya samu ɗan aiki bayan hidima, da wuya ya koma aji nan kusa. Mace kuwa a gidajenmu sau da yawa ana ɗaura mata aure dab da gama digiri ko jim kaɗan bayansa, kuma mastas da goyo a baya abu ne da mata da dama suka yi, amma sun san abin da suka sha. A irin wannan gibin ne ake rasa waɗanda da su ne za su zama malaman jami'a na gobe.

Hanyoyin da suka yi kusa da shi

Akwai 'yan dabarun rage tafiya da aka sani a nan, sai dai ba su kai ga mastas ba. Shiga kai tsaye ta JAMB tana sa mai NCE ko ƙaramar difloma ko sakamakon IJMB ya fara daga aji biyu. IJMB ɗin ma, wato karatun share fagen shiga jami'a, Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da jarrabawarta, kuma ɗaliban Arewa da yawa ta nan suka shiga jami'a. Amma shekarar da aka tsallake an riga an biya ta a wani ajin. Mai babbar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko ta Nuhu Bamalli a Zariya kuwa hanyarsa ma ta fi tsawo, don galibi sai ya yi PGD, wato difloma ta gaba da digiri, kafin a ba shi gurbin mastas.

Fannin zanen gine-gine shi ya fi kama da haɗaɗɗen digiri. An gina karatunsa hawa biyu, digiri na farko sannan na biyu, kuma ba a kai wa ga rajistar ƙwararru da na farkon kaɗai, don haka ɗalibi tun shigarsa ya san tafiyar ba ta ƙarewa a aji huɗu. Likitanci da likitancin dabbobi, masu shekara shida, dogayen karatu ne na bai ɗaya, amma digiri na farko ake lissafa su.

Amfani da haɗari

Masu goyon bayan tsarin suna kawo hujjar lokaci da kuɗi, da kuma ci gaban bincike: ɗalibin da ya fara aikin kundinsa a aji huɗu yana iya faɗaɗa shi ƙarƙashin malami ɗaya, a ɗakin gwaji ɗaya, tun karatun bai huce a kansa ba. Masu ja da baya kuma suna da tasu gaskiyar. Ɗan shekara ashirin da aka sa ya zaɓi fannin ƙwarewa yana iya gane daga baya ba nan zuciyarsa take ba. Shekarar ƙarshe takan yi nauyi ƙwarai, kundin digiri a hannu ɗaya, kwasa-kwasan mastas a ɗaya, kuma in aka yi sakaci makin digiri na farko ne zai faɗi, shi ne kuwa wanda masu ɗaukar aiki ke fara dubawa. Sannan mutum yana rasa abin da ake samu a sauya jami'a da ganin wasu malamai. A fannoni irin su gudanar da kasuwanci da aikin gwamnati, wanda ya taɓa zama a ofis ya fi fahimtar abin da ake koyarwa.

Duk da haka, wani yanki na tsarin zai iya zama a jami'o'inmu ba tare da an taɓa dokar hidimar ƙasa ba. Sabon ma'aunin manhaja na CCMAS, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na manhaja ta tsara da kanta. Da za a bar ɗaliban da makinsu ya kai 4.50 cikin 5 su ɗauki kwas biyu na mastas a ajin ƙarshe, a ajiye musu makin da gurbinsu har su dawo daga hidima, da an toshe mafi yawan gibin. Sharaɗin shi ne a samu masu duba aiki, domin a sassa da yawa malami ɗaya ne ke riƙe da kundayen ɗalibai fiye da ƙarfinsa, kuma ƙara masa wasu ba tare da ƙarin hannu ba zai mayar da gajeriyar hanyar doguwa.

Ga wanda zai yi shi a waje

Ɗan Kaduna da ya samu gurbin irin wannan karatu a waje yana da abu biyu da zai riƙe. Na farko, hidimar ƙasa tana jiransa in ya gama bai haura shekara 30 ba, kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shaidarsa. Na biyu, ya tambaya tun kafin ya sa hannu ko shaida ɗaya za a ba shi ko biyu. Mai 4+1 na Amurka yakan dawo da takardu biyu, kowace da kwanan watanta. Mai MEng na Ingila takarda ɗaya ce a hannunsa, alhali fom ɗin neman aiki a nan yana da gurbin digiri na farko daban da na biyu daban. Irin wannan ɗalibi yana bukatar cikakken sakamakonsa na shekara huɗu, da wasiƙa daga jami'ar mai bayyana cewa karatun ya ƙunshi matakan biyu, ya haɗa su da shaidar a duk inda zai miƙa ta.